Akwatin da kake son sawa a cikin lefe

Ɗana, saƙonka ya iso ni bayan sallar la'asar, kuma sai da na sa ƙanwarka ta maimaita mini shi, domin na ɗauka kunnena ne ya fara yaudarata. Ka ce ka sayi zarto da guduma, kana so ka haɗa ɗan ƙaramin akwatin katako da hannunka ka sa a cikin kayan lefenka, kana tambaya ko al'ada ta yarda ango ya yi haka. Na yi dariya, domin na manta rabon da in ga ka ɗauki abin da ya fi wayarka nauyi, amma daga baya hankalina ya ɗan tashi, saboda na san idon matan da ke buɗe lefe.

Ka fara sanin cewa shi kansa akwati baƙo ne a lefe. Kakarka, Allah ya jiƙanta, takan ce nata a adudu aka kai, kafin fantimoti da kwalla su zo su yi zamaninsu. Shi kansa kafinta, mai aikin katako, baƙo ne. Abin da muka gada shi ne masassaƙi, mai ɗaukar gizago ya fitar da turmi ko akushi daga gungume guda. Haɗa fallen katako da fallen katako ya yaɗu ne bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka riƙa kawo katako yankakke daga kudu.

Abin da kake niyya na taɓa yin irinsa. A 1972, shekarar da aka yi canjin hannun tuƙin mota, ina yaron wani kafinta a Fagge, aka sa ranar auren babban yayanmu. Na tara sulallana na sayi fallen maɗaci cikin watan Agusta, ana tsakiyar marka. Da na kawo, maigidana ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya sunsuna, ya ce in ɗora shi a saman rumfa in manta da shi sai baɗi. Na ce masa biki ba zai jira baɗi ba. Ya ce shi dai abin da ya ji daga nasa maigidan shi ne, icce bai san an sare shi ba sai ya ga hunturu. Na ɗauki maganar a matsayin zancen tsofaffi, na riƙa yin aikin da dare a hasken fitilar ƙwai. Tsawon akwatin kamu ɗaya ne, kuma na ƙi sa ƙusa a kusurwoyinsa. Haƙora na yanka masa da zarto, na ƙwaƙule tsakaninsu, kowane haƙori ya shiga gurbinsa kamar an sarƙe yatsun hannu biyu. Mako uku na yi a kansa, na goge shi har ya yi santsi, na shafe shi da man gyaɗa, jan maɗacin ya fito, na sa masa ɗan kwaɗo. A ranar na ji babu kafinta irina a Kano.

Aka kai lefe a ƙarshen Disamba, iskar hunturu tana fasa leɓe. Gwaggonmu ce ta ɗauki akwatin a naɗe cikin zane, da turare da tsakiya da 'yan kunne a ciki. Da ta warware shi a tsakiyar mata, ashe murfin ya bauɗe ya ɗaga gefe guda, gindin kuma ya tsage, tsagar da sule zai iya faɗawa. Wata tsohuwa daga dangin amarya ta ce, ai wannan akwatin tun daga gida yake yi mana dariya. Gwaggo ta karɓi tukwicinta ta dawo, kuma har ta bar duniya ba ta daina kirana mai akwatin dariya ba. Maigidana bai yi mini faɗa ba. Ya dai nuna mini cewa katako a faɗinsa yake tsukewa idan ya bushe, tsawonsa ba ya motsi, don haka gindin akwati a cikin ɗan kwari ake zura shi a bar masa wurin numfashi, ni kuwa na ɗaure nawa da gam ta ko'ina.

Yanzu kun koma saiti shida ko goma sha biyu, a ƙirga, a ɗauki hoto a watsa a waya, kafin a yi suna zif ya lalace. Duk da haka kada ka yi tunanin ɗan akwatinka zai tsaya a madadinsu, domin lefe sha'anin mata ne, su ke haɗawa, su ke kaiwa, su ke shan magana idan an ga aibi. Je ka durƙusa wa gwaggonka ka tambaye ta ko za ta yarda ta ɗauka. Katakon kuwa, ba ka faɗa mini iri ba, ba ka faɗa mini yaushe aka yanka shi ba. Kawo shi ranar Juma'a bayan masallaci in ƙwanƙwasa, kuma ka zo da zarton in ga haƙoransa.