Baret biyu na jiga 16, allo ya ƙi kawo haske

Ɗana na ji vokal ɗinka, ka ce ka sa ma ordinatar mai shagon hoto baret biyu na RAM, wato ƙwaƙwalwar mashin, na jiga 16 16, ka kunna, fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin sai kuka tii tii, har kana shirin komawa babbar kasuwa ka yi hwaɗa da wanda ya saida maka. Dakata tukuna.

Ciro baret ɗin ka karanta ƴar takardar da ke liƙe jikinta. Mashin ɗin nan na san ta, tsohuwa ce mai ɗaukar baret irin DDR3, kuma mafi yawan irinsu masu Intel kowane rami jiga 8 ne iyakarshi, ko ka ɗura mishi 16 ba zai gane ta ba. Sannan baret ta 16 ta DDR3 da ke yawo kasuwa galibi daga sabar, wato manyan ordinatar na kamfanoni, anka ciro ta, shi ya sa ka same ta da araha kana ta murna. In ka ga an rubuta PC3-12800R, wannan R ɗin na ƙarshe shi ne matsalarka, ta sabar ce, tana shiga rami daidai wa daida amma mashin ɗin buro ba ta tashi da ita ko za ka kwana kana dannawa, kai mai U kake so. In haka ne baret lafiyarta lau, ka je da lalama a musanya maka huɗu na 8 tunda ramukanka huɗu ne, 32 ɗin dai ta cika.

In kuwa U ce, to cire waya daga kuran, danne maɓallin kunnawa ɗan lokaci, taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa baret. Guda ɗaya za ka sa, ɗaya tak, ka kunna ka gani, sannan ka canza rami, sannan ɗayar. Ku yaran yanzu gaggawa gare ku, ku cusa duka lokaci guda sannan ku rasa wacce ce mai laihi. Goge bakin zinaren da gom, hure ramin, ƙurar Maraɗi ka san ta, kuma ka danna har ƴan kunnuwan nan su kama da kansu. In ta ƙi, ciro ƴar batir CR2032 da ke cikin mashin minti kaɗan ka maida, BIOS, wato tsarin da ke tada mashin, ya manta tsohon saiti.

In ta tashi amma Windows na nuna jiga 3 da ɗoriya kawai, Windows mai 32 bit ce ke kanta, ba ta wuce jiga 4, sai ka sake sa mai 64 bit.

Kuma kada ka ba mai ita yau ko da ta tashi, sa MemTest86, manhajar gwada baret, a kile USB ta kwana tana gwaji, ka haɗa mashin ɗin da ondila, wato akwatin batir mai riƙe wuta, saboda ɗaukewar wuta. Kuskure ko guda ya fito, turo min hoton allon da safe.