Me ya bambanta "known as", "regarded as" da "said to be" a Turanci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina yawan karanta labarai da tarihin mutane da Turanci, kuma kullum sai na ci karo da irin su "he is known as", "she is regarded as", "he is said to be", "he is alleged to have". Ni dai duk ɗaya nake ganinsu. Akwai bambanci ne? Me ya sa ba a faɗin wanda ya yi maganar? Sannan in na zo rubutu sai in rasa inda zan sa "as" da inda zan sa "for" ko "to".

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai bambanci, babba ma kuwa, kuma abin ba baƙo ba ne a wurinka. Kullum kana cewa "an san shi da haƙuri", "ana ɗaukarta a matsayin uwa", "an ce yana da kuɗi", "ana zarginsa da sata". Wa ya san shi? Wa ya ce? Ba ka faɗa ba, ka bar ɗan ƙaramin "an" ko "ana" ya tsaya a madadin mutanen. Turanci ba shi da wakilin suna da ke wannan aiki sak, don haka sai ya juya jimlar: wanda ake magana a kansa ya dawo farko, a bi shi da "is", "are", "was" ko "were", sannan siffa ta uku ta aikatau, wato irin su "known", "seen", "called". Abin da suke kira "passive" ke nan. Kada ka yar da "is" ɗin nan. "He known as" jimla ce gurguwa, "he is knowing as" kuma ba a faɗinta ko kaɗan.

Mu fara da "known", don a nan masu jin Hausa suka fi tuntuɓe, kuma da dalili. Mu "da" ɗaya muke sa wa komai: an fi saninsa da Pele, an san shi da iya ƙwallo. Turanci ya raba su. In suna ko laƙabi zai biyo baya, "as" ake sawa: "Edson Arantes do Nascimento was known as Pelé." In kuwa abin da ya sa mutum ya yi suna ne, sai "for": "He is known for winning three World Cups", wato kofunan duniya na 1958, 1962 da 1970. Akwai kuma "to", mai nuna waɗanda suka san mutumin: "He is known to the police" na nufin 'yan sanda sun san da zamansa, kuma galibi ba yabo ba ne. Kafin ka rubuta, tambayi kanka: suna zan faɗa, ko dalili, ko masu sanin?

"Called" da "nicknamed" ba sa son "as". "She was called the Iron Lady" ake cewa, ba "called as" ba. Amma "referred to as" da "described as" ba sa tafiya sai da shi.

Sai rukuni na biyu, na ra'ayi. "Regarded as", "seen as", "viewed as" da "considered" duk suna nufin yadda mutane ke kallon wani, ba sunan da suke kiransa da shi ba. Ukun farko dole a bi su da "as": "She is regarded as a great scientist." Shi kuwa "considered" ya fi kyau shi kaɗai ko da "to be": "She is considered a great scientist", ko "considered to be". Za ka ga wasu na rubuta "considered as", ana ganewa, amma in rubutun jarrabawa ne ko na aiki, ina ba ka shawarar ka bar shi. In ka ga "widely" ko "generally" a gabansu, marubucin na gaya maka cewa ra'ayin na mafi yawan jama'a ne.

Rukuni na uku shi ne na "wai". "Said", "believed", "thought", "reported", "rumoured": da waɗannan marubuci ke ja da baya ya ce ni ma ji na yi. Hanya biyu ake gina su, ko dai "It is said that he is rich", ko "He is said to be rich". Kada ka cakuɗa su ka ce "He is said that he is rich". Abin lura a nan shi ne lokaci. In abin da ake faɗa yana nan har yanzu, "to be" ya wadatar. In ya wuce, sai "to have" da siffa ta uku. Ɗauki Mansa Musa, sarkin Mali da ya tafi aikin hajji a 1324 da zinariya mai ɗimbin yawa. Za a rubuta "He is said to have been the richest man in history." Yanzu ake faɗa, shi ya sa "is said", arzikin kuwa na da can ne, shi ya sa "to have been". Marubucin ya zaɓi wannan salo ne domin babu wanda ya ƙidaya dukiyar.

Inda nake so ka fi nutsuwa shi ne kalmomin zargi, domin mutuncin mutum ne a ciki. "He is suspected of" shakku ne kawai. "He is alleged to have stolen" ko "he is accused of stealing" na nufin wani ya ɗora masa laifin, ba a tabbatar ba. "He was charged with theft" na nufin hukuma ta tuhume shi a hukumance. Sai an kai "he was convicted of theft" ne kotu ta same shi da laifi. Mataki-mataki ne, kuma 'yan jarida na lura da su sosai don gudun ƙarar ɓata suna. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda labari ke fitowa da "alleged", kafin ya zaga wayoyin mutane an mayar da shi "ya sata". In za ka fassara wa wani, riƙe "ana zargin" ɗinka gam, kada ka sauke shi a hanya.

Saura tambayarka ta me ya sa ba a faɗin mai maganar. Wani lokaci kowa ne ke faɗa, ambaton suna ba shi da amfani. Wani lokaci marubucin bai sani ba, wani lokaci kuma ba ya so ya faɗa. Amma kowane laƙabi akwai bakin da ya fara furta shi. "Iron Lady" da aka san Margaret Thatcher da shi, wata jaridar sojojin Tarayyar Sobiyet ce ta laƙaba mata a 1976, da nufin suka, ita kuwa ta karɓe shi hannu bibbiyu tun kafin ta zama firaministar Birtaniya a 1979.

Misalin Nelson Mandela ya fi wannan nauyi. "He was regarded as a terrorist" da "He is regarded as a hero" duk an rubuta su a kan mutum ɗaya, wanda ya yi shekara 27 a kurkuku, ya fito a 1990, ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1993, amma sunansa bai fita daga jerin waɗanda Amurka ke sa wa ido kan ta'addanci ba sai a 2008. Jimlar farko ba ta cika ba sai an ce su wa suka ɗauke shi haka, kuma Turanci na da hanyar faɗa, da "by": "He was regarded as a terrorist by the apartheid government." A Hausa ba ma iya liƙa wa "an" mai aikin a ƙarshen jimla. Dole ka cire "an" ɗin ka fito da su fili ka ce "gwamnatin wariyar launin fata ta ɗauke shi ɗan ta'adda".