An yanke wa mahaifinmu hukunci a bayan idonsa, ga shi ya rasu: ina da bakin magana?

Tambaya: Mahaifinmu dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12, ya rasu bara. Makon jiya ma'aikatan kotu suka liƙa takarda a ƙofar gidansa da ke Agege, wai ana binsa bashi, bai halarci zama ba, Babbar Kotun Legas ta yanke hukunci. Ni ne babban ɗansa. Zan iya neman a soke?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri. Malam, kasancewarka babban ɗa bai isa ya ba ka bakin magana a gaban alƙali ba. Na san maganar da ɗaci, domin a gida kai ne uba yanzu. Amma wanda kotu take saurare shi ne wakilin dukiyar mamaci: wanda wasiyya ta naɗa, ko wanda ya karɓo takardar izinin kula da gado daga ofishin gado na Babbar Kotu, kamar na Ikeja. Da takardar a hannu lauyanku zai nemi a sa sunanka a madadin na marigayi, ya nemi a dakatar da zartar da hukuncin, sannan a soke shi.

Kafin nan, ka je rajistar kotun ka nemi kwafin fayil, ka ajiye shi gefen takardar shaidar rasuwa, ka gwada ranaku. Nan ƙarfinku yake. In Baba ya riga ya rasu kafin a shigar da ƙarar, to babu ƙara, domin ba a ƙarar mamaci. In ana cikin shari'a ya rasu, aka ci gaba ba a musanya sunansa ba, nan ma akwai babbar ƙofa. In kuwa yana raye aka yanke, duba shaidar kai sammaci: wa ya karɓa, a ina, yaushe? Tun 1981, a shari'ar Skenconsult da Ukey, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa rashin kai wa mutum sammaci yana rushe abin da aka yi a kansa. Dokokin Babbar Kotun Legas ma sun amince a soke irin wannan hukunci kan rashin sammaci, zamba, ko rashin hurumi.

Akwai kuma sashe na 243 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ba mai ruwa da tsaki damar ɗaukaka ƙara da izinin kotu. Wa'adin ɗaukaka ƙara kan hukuncin ƙarshe wata 3 ne, in ya wuce sai an roƙi ƙari.

Roƙona gare ku, kada ku raba gado ko ku sayar da gidan yanzu, kuma ka ɗauki hoton takardar da aka liƙa a ƙofar gidan ka kai wa lauya a makon nan.