Motar da ke mutuwa a gargada: amsar Oga

Ka ce motar da aka kawo jiya tana mutuwa a kan hanya, can kuma ta tashi kamar ba ita ba, batir na nuna bolt 12.6, fiyus lafiya, ko birenbos ne, wato kwamfutar da ke sarrafa inji? Kai yaro, kada in ƙara jin sunan birenbos a bakinka kafin ka duba at, wato wayar da ke haɗa nagatib na batir da bodi da inji.

Wannan gaggawar ce ta ja wa garejin nan asara a kan wata Golf 3 mai jigilar Katsina zuwa Jibiya. Da ta faɗa rami sai ta mutu, fitilun dashbod su yi ta ƙyaftawa. Direban ya matsa lamba wai an gaya masa birenbos ne, a karɓo bashi da sunana zai biya ranar Lahadi, in an ci kasuwar Jibiya. Aka karɓo, aka ɗaura, ba ta kai Ƙofar Guga ba ta sake mutuwa. Sai ya ce tunda bai yi magani ba, ba ya biyan ko sisi. Mai shago kuma ba ya karɓar kayan wuta in an riga an ɗaura. Yana nan cikin akwatin can, har yau in na gan shi raina ɓaci yake. Ashe motar ta je wajen masu fanabita, sun fesa fenti a inda wayar at ke kama bodi, suka ɗaure noti a kan fentin. Gyaran bai wuce sanfefa da sifana 10 ba.

Ku yaran yanzu da kun ɗora mitar gwajin wuta a kan waya ta yi ƙara sai ku ce waya lafiya take. Sili ɗaya da ya rage a cikin waya ya isa mita ta yi ƙara, amma sitata tana jan amfiya sama da 100, sili ɗaya ba zai ɗauka ba. Gwada ta tana cikin aiki. Mita a kan DC, baƙin tsinke a kan ƙarfen nagatib na batir, ba kan tamina, wato maɗaurin waya, ba, jan kuma a jikin inji, wani ya murza makulli. In ta wuce bolt 0.3, akwai cikas a hanya. Maimaita tsakanin nagatib da bodi, fitilu da fanka a kunne. Nan bai kamata ta wuce 0.1 ko 0.2 ba. In kana sauri, ja wayar jam, wato ta haɗa batir da batir, daga nagatib zuwa inji. In matsalar ta ɗauke, to ka kama ɓarawon.

Bar motar tana silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, ka bi damin wayoyi da soket kana girgizawa, ɗaya bayan ɗaya. Wayar da ta haɗa giyabos da bodi lanƙwasa ta da hannu, takan rube ta yi kore a cikin roba alhali waje fes, musamman bayan damina ko wankin inji. In wayar ta mutu, wuta kan bi wayar kuloci ko ta totur, za ka ji sun yi zafi. In kuma an taka birki sigina ta dushe, at ɗin fitilar baya ne.

Goge wurin da at ke kamawa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ɗaure tam, giris a sama bayan ka ɗaure. Tashi ka ɗauko mitar, mai motar zai dawo bayan la'asar.