Tambayi likita: an ce sai an yi wa Baba allura a cikin ido

Salamu alaikum Dokta. Dan Allah Babanmu ne ciwon suga ya taɓa masa ido, gani ya ragu har karatun Alƙur'ani ya gagare shi, mun kai shi asibiti aka ce ruwa ya taru a bayan idon wai sai an masa allura a cikin ƙwayar idon kanta. Wallahi mun tsorata, shi kuma ya ce sam, a sayo masa na ɗigawa a farmasi. Shin na ɗigawan ba zai yi ba? Daga wata 'yar'uwa a Marwa.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Gaskiya na ɗigawa ba zai kai inda ciwon yake ba. Can ƙarshen ido akwai wata siririyar fata da ake kira retina, ita ke karɓar hoton duk abinda muke gani, ita suga ke lalata wa ƙananan jijiyoyin jini har su riƙa yoyo wurin ya kumbura. To in kin ɗiga magani hawaye ke wanke mafi yawansa, wani ya bi ta hanci (shiyasa ake jin ɗaci a maƙoshi), wanda ke shiga bai kai kashi 5 cikin 100 ba, shi ma a gaban ido yake tsayawa. Kamar watsa ruwa ne a zaure alhali wutar na ƙuryar ɗaki. Maganin sha ma haka, jijiyoyin retina na da shinge da ke tare magunguna da yawa.

Shiyasa ake kai maganin kai tsaye cikin ruwa mai yauƙin da ya cika ƙwayar ido. Ki kwantar wa Baba da hankali, ba a tsakiyar baƙin ido ake soka ba. Za a ɗiga masa maganin kashe zafi, a wanke wurin da Betadine mai kashe ƙwayoyin cuta, a sa ɗan ƙarfe ya riƙe fatar idon kar ya ƙifta, a ce ya kalli gefe, sannan a shigar da allura siririya ta farin ido, milimita 3.5 zuwa 4 daga bakin baƙin. Maganin mililita 0.05 ne, ɗigo ɗaya kenan, kafin ya ankara an gama.

Waɗanda aka fi yi su ne Lucentis da Amurka ta amince da shi a 2006, Eylea a 2011, sai Avastin wanda asalinsa na ciwon daji ne amma tun 2005 likitocin ido ke aiki da shi kuma ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, ku tambaya. Duk suna toshe wani sinadari ne, VEGF, mai sa jijiyoyin yoyo. Akwai kuma Ozurdex, ɗan ƙanƙanin abu da ake ajiyewa a cikin idon ya riƙa sakin magani na watanni, sai dai yana iya kawo yanar ido ko ya ɗaga ƙarfin ruwan ido.

Abinda ya fi damuna shi ne ba sau ɗaya ake yi ba, da farko wata-wata ne, mutanenmu kuwa in an tura su Yawunde ga kuɗin mota ga masauki sai su yi ɗaya su ga sauƙi su zauna, kumburin ya dawo. Ku haɗa kai da 'yan'uwa tun yanzu kar a tsallake randebu (ranar komawa asibiti), sugan da hawan jini ma a riƙe su da kyau.

Bayan allura ɗan ja a farin ido ko ganin ɗige-ɗige na yawo ba komai ba ne. Kar ya murza, ba kwalli, ba tozali, ya kiyayi ƙura, ku tambayi likitan yanda zai yi da alwala a kwanakin farko. Amma in zafi ya riƙa ƙaruwa, ido ya yi jajir, gani na raguwa, a ranar za ku koma asibiti ko da dare ne, ƙila ƙwayoyin cuta ne suka shiga.