Tambaya da Amsa: Ziyarar ƙaramin garin kasuwa a tsaunukan Jamhuriyar Cek

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a birnin Brno na ƙasar Cek, shekarata ta biyu ke nan. Na ga Prag, na ga Biyana, amma ban taɓa kwana a karkarar ƙasar nan ba. Wani abokin karatuna ya ce in je yankin Vysočina, ya ambaci wani gari Jimramov, wai garin kasuwa ne. Wace rana kasuwar take ci? Yaya zan je, kuma me zan ci a matsayina na Musulmi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokinka ya yi maka zaɓi mai kyau, amma bari in fara cire maka abu ɗaya daga rai, don kada ka je ka dawo kana cewa an yaudare ka. Kasuwa ba ta ci a Jimramov irin cin da kake nufi. Ba za ka tarar da rumfuna ba, ba kara, ba dillalai, ba motocin ƙauye suna sauke buhuna. Abin da abokinka ya fassara maka da garin kasuwa shi ne kalmar městys, kuma matsayi ne na hukuma, tsakanin ƙauye da birni. A zamanin sarakuna, gari yakan sami izinin kafa kasuwar dabbobi da kasuwar shekara, wannan izini shi ya ɗaga shi sama da ƙauyukan kewayensa. An daina amfani da matsayin a shekarun 1950, lokacin mulkin kwaminisanci, sai a 2006 aka dawo da shi. Abin da ya rage na kasuwar yau shi ne dandalin tsakiyar gari, da gidajen masu sana'a na da da suka kewaye shi, da bikin shekara da suke kira pouť, wanda ake yi a ranar waliyyin cocin gari. Idan 'yan tebur da hayaniya kake so, nemi ranar pouť ko jarmark, wato kasuwar biki, a shafin hukumar garin kafin ka tashi. Ni kuwa shawarata ka je a ranar da babu komai.

Ana furta sunan garin Yimramof, yankin kuma Bisocina, ma'anarsa ƙasar tudu. Mutanen garin dubu ɗaya ne da 'yan kai. Yana zaune a kwari, inda rafin Fryšávka ya faɗa kogin Svratka. Wannan Svratka ɗin ka san shi, shi ne dai kogin da yake ratsa Brno. A ƙasan Jimramov an datse shi a madatsar Vír, daga can ake jawo wani ɓangare na ruwan famfon birninku. A wannan wuri kogin ya daɗe yana matsayin iyaka tsakanin tsoffin ƙasashen Bohemiya da Morabiya, ka tsallaka gada ka bar ɗaya ka shiga ɗaya.

Jirgin ƙasa ba ya zuwa garin. Daga Brno hanya biyu gare ka zuwa Nové Město na Moravě, inda za ka hau bas. Ko dai ka bi jirgi mai sauri zuwa Žďár nad Sázavou ka canza, ko ka sauka Tišnov ka hau ƙaramin jirgin da yake bi ta Nedvědice da Bystřice. Na biyun ya fi cin lokaci, amma shi nake so maka, domin yana wucewa ta gindin ganuwar Pernštejn, kuma za ka ga yadda ƙasa take hawa a hankali. Manhajar IDOS tana nuna jadawalin jirgi da bas gaba ɗaya. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne Asabar da Lahadi. An tsara bas ɗin karkara ne don 'yan makaranta da ma'aikata, saboda haka a ƙarshen mako yana raguwa ƙwarai. Duba lokacin bas na ƙarshe tun kafin ka bar ɗakinka, ka rubuta shi a takarda. Tafi da tsabar koruna, ba kowane ƙaramin kanti ko masauki yake karɓar kati ba. Kantin gari ma yakan rufe da tsakar ranar Asabar.

Garin kansa awa biyu ta ishe ka zagaya shi. Akwai gidan sarautar dangin Belcredi, wanda gwamnatin kwaminisanci ta ƙwace aka mayar musu bayan 1989. Gidan zama ne, kalle shi daga waje. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne coci biyu a gari ɗan ƙanƙani haka, ɗaya na Katolika, ɗaya na Furotesta. Fiye da shekara ɗari da hamsin an hana Furotesta addininsu a ƙasar, amma a waɗannan tsaunuka masu wuyar shiga mutane suka ci gaba da ibada a ɓoye, suna ɓoye littattafansu. Sai a 1781 Sarki Yusufu na Biyu ya ba su damar gina wurin ibada, shi ma da sharaɗi: ba hasumiya, ba ƙararrawa, ƙofa kuma kada ta fuskanci babban titi. Idan ka ga cocin Furotesta na wancan zamani da hasumiya, to daga baya aka ƙara ta. A wannan gari aka haifi Jan Karafiát a 1846, malamin coci wanda ya rubuta labarin ƙwarin nan masu walƙiya da dare, Broučci, da kusan kowane yaro a ƙasar ya tashi da shi. Ka ambaci sunansa ga tsohuwa a dandali, za ka ga fuskarta ta saki.

Amma ainihin abin da ake zuwa yi shi ne tafiyar ƙasa. Ƙungiyar masu yawon ƙafa ta ƙasar, wadda aka kafa a 1888, ta yi wa hanyoyin daji alama da fenti a jikin itatuwa da duwatsu: layi ja, shuɗi, kore ko rawaya tsakanin farare biyu. Ka riƙe launi ɗaya, ba za ka ɓata ba. Daga Jimramov kana iya bin kwarin Fryšávka zuwa kangon ganuwar Štarkov da ke maƙale cikin duwatsu, ko ka hau dutsen Prosička ka hango kwarin duka. Idan ƙafarka da ƙarfi kuma kana da yini guda, akwai Devět skal, wato Duwatsu Tara, mai tsayin mita 836, ƙololuwar tsaunukan Žďár. A wasu wurare za ka tarar da fili fetal, kututture kawai. Wani ƙwaro mai cin ɓawon itace ne, kůrovec, ya yi wa dazuzzukan Vysočina ɓarna bayan farin da aka yi wajen 2018, aka sare itatuwa masu yawa. Ganin wannan yana taɓa ni, domin mutanen nan daji ne rabin rayuwarsu. Daga ƙarshen bazara za ka gan su da kwanduna tun asuba suna tsintar naman kaza. Kai dai kada ka tsinka, akwai mai kisa a ciki.

Ka kiyayi kaska. Daga Afrilu zuwa Oktoba tana cikin ciyawa, kuma tana ɗauke da cuta biyu, ɗaya mai kumbura ƙwaƙwalwa wadda akwai rigakafinta, ɗaya kuma ana maganinta da ƙwayoyi. Sa dogon wando, cusa shi cikin safa, da dare ka duba jikinka. Ɗauki rigar sanyi ko da a Yuli ne, dare a tudu ba irin na Brno ba ne.

Batun abinci, ka riga ka san alade ne naman ƙasar. Abin da yake kama mutane shi ne kitsensa, sádlo, da ake soya abin da ba nama da shi. Vysočina gidan dankalin Turawa ne, kuma wainar dankalinsu, bramborák, tana da daɗi, amma sau da yawa da wannan kitse ake soya ta, wani lokaci har da gutsuren nama a ciki. Miya ma, ko an ce ta tafarnuwa ce, tambayi romon da aka yi ta da shi. Riƙe kalmomi uku: vepřové alade, sádlo kitse, bez masa babu nama. Abin da ya fi sauƙi shi ne soyayyen cuku, smažený sýr, da dafaffen dankali, ko kifi, pstruh ko kapr, bayan ka tambayi man suyar. Akwai kuma ƙullin fulawa mai 'ya'yan itace a ciki, ovocné knedlíky, wanda su a wurinsu abincin rana ne cikakke. Gidan abincin gari shi ne kuma wurin shan giyarsu, don haka je da rana, tsakanin ƙarfe 11 da 2, lokacin abincin ma'aikata, ya fi araha kuma ya fi natsuwa. Ka nemi Kofola, wato lemon kwalbarsu, ko ruwa. Zo da guzurinka daga Brno saboda daren Lahadi.

Masallaci babu a kusa, sai naku na Brno da aka buɗe a 1998. Ɗauki dardumarka, alƙibla tana kudu maso gabas. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9, a Disamba kuwa ƙarfe 4 magariba ta yi, kuma wannan ya shafi tafiyarka a daji kamar yadda ya shafi sallarka.

Za a kalle ka, ƙanena, wannan kam gaskiya ce. Baƙar fata ba ta yawan zuwa irin waɗannan garuruwa, kuma mutanen tudu ba su da saurin sakin fuska. Kai ka fara gaisuwa. Dobrý den idan ka shiga kanti ko ka haɗu da mutum a hanyar daji, na shledanou idan za ka fita. Dattawa ba su cika jin Turanci ba, ɗan Cekancin da ka koya zai yi maka aiki fiye da yadda yake yi a birni. Idan an shigar da kai gida, cire takalmi a bakin ƙofa, za a miƙo maka silifa.

Kama ɗaki a ƙaramin masauki, penzion, tun da wuri, ka kira su a waya ka faɗi lokacin isowarka, domin galibi mai gidan da kansa yake zuwa ya ba ka makulli. Tashi da safiyar Juma'a idan babu darasi, ko da yamma bayan an sauko daga masallaci, lokacin bas yana nan da yawa. Allah ya kai ka lafiya.