Ƙanena, kada ka sa hannu tukuna

Ƙanena mai tambaya kan mai situdiyon da ke son sayen waƙoƙinka biyar ya biya ka sau ɗaya a wuce wurin, wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi. Ramin da na faɗa ke nan.

A Aboabo, wata unguwa a Kumasi ta ƙasar Ghana, aka yi min. Mutumin da nake kira Baba, nake durƙusawa in gaishe shi, nake sayo masa koko da ƙosai da sassafe. Cikin waƙoƙin da na sayar masa akwai wadda na yi wa mahaifiyata bayan rasuwarta, baitin ƙarshe ban taɓa rera shi ba tare da hawaye ba. Ya miƙo min takarda da Turanci, ya ce rasit ne, na sa hannu. Bayan wata takwas ina cikin tiro-tiro, motar haya, daga kasuwar Kejetia, sai ga waƙar a rediyo da muryar wani yaro. Direba ya ƙara sauti, yaron mota yana bi yana buga ƙofa. An cire sunan Mama, an sa na wata Hajiya. Nan na sauka, na tako da ƙafa har gida. Da na je masa, goro yake ci, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce ai na ci kuɗina. Har yau in na hango shi a masallaci sai in canza sahu, Allah Ya yafe min.

Dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005 ta ce waƙa taka ce iya rayuwarka, ta magadanka shekara 70 bayanka, kuma ba a mallaka wa wani ita sai a rubuce da sa hannunka. Hannun nan naka yake nema. Irving Berlin, marubucin waƙoƙi na Amurka da ya kai shekara 101, kamfanin buga waƙoƙi nasa na kansa ya buɗe, ya riƙe kayansa. Ka ba mai situdiyon izinin amfani na ɗan lokaci, sunanka a kai. Ka yi rajista da GHAMRO, ƙungiyar haƙƙin mawaƙa ta Ghana, su ke karɓo wa mawaƙa kuɗi daga gidajen rediyo da otal-otal.

Na san matsin, kuɗin haya ne ya kai ni. Takardar dai ka kai wa wanda ya iya Turanci sosai, ba yaron mai situdiyon ba. Kuma littafin da kake rubutu a ciki kada ya kwana a situdiyo, nawa har yau yana hannun Baba.